Ludayin Ɗanɗano

Sau biyu aka mayar da Uwar Ludayi gida daga asibitin ido ba tare da an taɓa ta ba. Duk zuwan da ta yi, da zane mai tsabta a jaka take zuwa, autarta na biye da ita. Duk zuwan kuma nas ce ke naɗa mata abin awo a damtse, ta jira ya kumbura ya sace, ta dubi allon ta girgiza kai. Jinin ya hau, likita ba zai sa wuƙa a ido ba alhali jini na tafasa a bayansa.

Yanar ido ce ta kama mata idanu. Na hagu ya riga ya zama kamar gilashin da aka shafa wa sabulu, na dama kuma ya fara bin sahu. A zuwa na biyu likitan da kansa ya fito ya same ta a kan benci. Bai yi mata ɓoye-ɓoye ba. Ya ce yanar hagu ta nuna har tana neman zarcewa, in aka ƙara jan lokaci tana iya lalata idon daga ciki, yadda ko an cire ta babu abin da zai dawo. Ya ba ta rana a wata mai kamawa.

"Ki saukar da jinin nan, Mama," in ji shi. "In kika dawo mini a haka, ban san abin da zan tarar a idon ba."

Ita ce shugabar masu girki a wani kamfanin ƙera kayan ƙarfe. Shekaru sama da ashirin tana ciyar da ma'aikatan wurin abincin rana, har sunanta na yanka ya ɓace, kowa Uwar Ludayi yake ce mata, saboda wani ƙaramin ludayi da take ratayewa a ƙugu da igiya. A kamfanin babu wanda ta gaya wa maganar idon. Ta san kicin ɗin kamar tafin hannunta, tana ganin ba wanda zai gane.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗa: matar ba ta yi wasa da maganar likita ba. Ranar da ta dawo ta kwashe gishirin gidanta ta ba maƙwabciya, ta haɗa mata da dunƙulen miya da kifin gwangwani. Ta bar soye-soye. Ta koma cin ganye da wake da 'ya'yan itace, da miya lami wadda a da ko kare ba za ta ba wa ba. Da safe takan sauka daga bas tun ba a kai kamfani ba, ta ƙarasa da ƙafa, tana bin gefen titi a hankali saboda ramuka. Ƙwayar magani ba ta taɓa tsallake ta ba. Har zanenta ya fara yi mata yawa. Amma duk yamma in Auta ta rufe shagon ɗinkinta ta biyo da na'urar awon da ta saya, sai allon ya nuna abin da ya saba nunawa, kamar ba a yi komai ba.

Auta mace ce mai 'ya'ya biyu, amma bakinta bai girma ba. Ta fara zargin uwar da ɓoye gishiri. Wata rana ta bincike kicin ɗin gidan tas, har cikin gwangwanin allura da ƙarƙashin katifa. Uwar na zaune tana kallonta da idon da ya rage, ta ce mata in ta gama ta duba cikin kunnenta ma, ko can ta zuba. Daga nan ta yi fushin gaske, ta tuna mata wanda ya haifi wani. Suka rabu ba sallama.

Da safe fushin ya sa uwar ta fita ta bar ƙwayarta a kan tebur. Auta ta biyo don ba da haƙuri, ta ga ƙwayar, ta ɗauka ta bi ta kamfani da ita.

Ba ta taɓa ganin uwarta a bakin aiki ba. Ta tsaya a ƙofar baya, inda ake shigo da buhuna. Ɗakin dogo ne, ya cika da tururi. Manyan tukwane na jere a kan murhun gas, kowace yaro zai iya wanka a ciki. A can gefe mata biyu na wanke faranti, wata kuma na yanka albasa kanta a sunkuye. Uwar Ludayi na tsakiya tana ba da umarni ba tare da ta waiwaya ba. Ta tsoma ludayin ƙugunta a tukunyar farko, ta hura, ta shanye. Ta ɗebi gishiri da hannu ta watsa, ta juya, ta sake tsomawa ta shanye. Ta matsa tukunya ta biyu ta yi haka. Ta tsamo tsokar nama ta tauna don ta ji ko ya yi laushi, bai yi ba, an jima ta tsamo wata. Ta dawo tukunyar farko. Auta ta daɗe a tsaye, ƙwayar na jiƙewa da gumi a hannunta.

Ta jawo uwar zuwa sito, tsakanin buhunan shinkafa, ta tura ƙofa.

"Inna, tun da na tsaya a ƙofar nan kin sha miyar da za ta cika kwano."

"Ɗanɗano ne. Ɗanɗano ba ci ba ne."

"Ki gaya wa cikinki haka. Shi bai san bambanci ba."

Uwar ta ce ita ko abincin rana ba ta ci a wurin, kowa shaida ne, shekara da shekaru ba a taɓa ganinta da faranti ba. Auta ta ce ai dole, mutumin da ya ƙoshi tun hantsi me zai yi da faranti. Ta ce gishirin da aka kora ta ƙofar gida shi ne ya zagayo ya shigo ta ƙofar kamfani, kuma da ludayi ake yi masa maraba.

Akwai abin da uwar ba ta faɗa ba. A da ba haka take ɗanɗano ba. A da ido ke yin rabin aikin. Takan dubi tudun gishirin da ke tafinta ta san ko ya isa, ta dubi yadda mai ya taso a kan miya ta san ta nuna, ta dubi nama ta san ya yi. Sau ɗaya take kai ludayi baki, don tabbatarwa kawai. Tun da hazo ya sauka a idonta sai harshe ya karɓi aikin ido. Duk abin da ba ta gani sai ta kai shi baki. Idon na ƙara dushewa, ɗanɗanon na ƙara yawa, jinin na ƙin sauka, ana ƙin gyara idon. Ta tsaya a cikin duhun siton ta ga tarkon da ta ɗana wa kanta.

Auta ta ce to ta riƙa ɗanɗanawa tana tofarwa. Uwar ta gwada kwana ɗaya. Ta ajiye gwangwani a ƙarƙashin tebur, tana kai ludayi baki tana sunkuyawa. Ranta bai so ba, don a tarbiyyarta abinci ba abin tofarwa ba ne. Ana cikin haka Manaja ya leƙo ta taga ya ga shugabar girki na tofar da miyar da za a ba mutane, ya tambaya a tsorace ko naman ya lalace ne. Ranar sai da ta ci loma a gabansa kafin ya yarda a raba abinci. Ta jefar da gwangwanin.

Hanya ɗaya ta rage, kuma ita ce wadda ta fi ƙi. Matar nan mai yanka albasa mataimakiyarta ce, ta yi makarantar girki, ta zo da takarda da ɗan sikelinta na awo. Tun ranar da ta fara aiki Uwar Ludayi ta laƙaba mata 'Yar Sikeli, ta ce ga wadda ke auna gishiri kamar zinariya, ta tura ta kan albasa da ɓare tafarnuwa, ba ta sake barinta ta matso kusa da wuta ba. Ba don matar ta yi mata laifi ba. Girman kai ne kawai, irin wanda ke kama mutumin da ya iya abu ɗaya da kyau har ya ɗauka duniya ba za ta ci abinci ba in ba shi.

Ko da ta miƙa ludayin, da ƙarya ta miƙa shi. Ta ce mura ta kashe mata baki, ba ta jin ɗanɗanon komai, 'Yar Sikeli ta riƙe mata na ɗan lokaci. Matar ta goge hannu a jikin rigarta, ta karɓa, ta ce, "To, Yaya." 

Kwanakin da suka biyo baya sun yi wa Uwar Ludayi tsawo. Hannunta kan tafi ƙugu da kansa ya tarar da igiya babu komai. Ƙamshi na tashi, yawu na taruwa mata a baki, ta haɗiye. A karo na farko ta san yunwar rana, sai ta fara zuwa da ɗan kwanonta daga gida, ta zauna a kan buhu ta ci wakenta lami, masu wanke-wanke na satar kallonta. Tana jin 'Yar Sikeli na ɗora gishiri a kan sikeli, tana jin ƙarar cokalin, kamar ana kankare mata ƙashi. Amma da yamma allon Auta ya fara sauka. Ba da gudu ba, kaɗan-kaɗan, yau ya sauka gobe ya ɗan hau, jibi ya sake sauka. Auta ta daina faɗa. Takan dubi allon ta dubi kalanda, ta cije leɓe.

Matsalar ta taso daga wajen tagar raba abinci. Ma'aikatan sun saba da hannun Uwar Ludayi, hannun kuwa mai nauyi ne, ya kuma ƙara nauyi a shekarar nan. 'Yar Sikeli na bin awonta. Aka fara gunaguni, ana dawo da faranti da saura. Wani ya tambaya ko kamfani ya fara tsimin gishiri ne. Uwar Ludayi na ji, tana yi kamar ba ta ji ba.

Saura kwana kaɗan ranar asibiti abin ya fashe. Akwai wani mai walda, ƙato, da ake kira Tsawa saboda muryarsa. Ya dawo da farantinsa cike ya buga a kan katakon taga har miya ta fantsama.

"Uwa, mutuwa kika yi ba a gaya mana ba? Wannan miya ce ko ruwan wanke tukunya?"

Aka kwashe da dariya, wasu suka fara buga cokula a kan tebur. Nan da nan taga ta cika da fuskoki, waɗanda ita ba ta ganinsu sai kamar inuwa. Hayaniyar ta jawo Manaja daga ofis. Mutum ne mai tsoron rigimar ma'aikata fiye da gobara. Ya shigo kicin ɗin da takalminsa mai ƙara, ya saurari ƙorafin, ya juyo gare ta ya ce murar nan tata ta daɗe, shi bai taɓa jin ta yi ko atishawa ba. Ya karɓi ludayin daga hannun 'Yar Sikeli, ya tsoma a tukunya, ya miƙo mata.

"Ɗanɗana ki gyara. Daga yau kuma kada tukunya ta fita sai ta bi ta bakinki, kamar da."

Tururin ludayin na dukan fuskarta. Ta ji ƙamshin, ta san abin da miyar ke nema tun ba ta kai baki ba. Cikin minti kaɗan za ta gyara ta, a tafa mata, a ce ai Uwa Uwa ce, 'Yar Sikeli ta koma kan albasa, asirinta ya zauna a rufe. Ludayi ɗaya ba ya hawar da jinin kowa, ta san haka. Amma ba ɗaya ake nema ba. Na gobe ake nema da na jibi, kuma ita ba ta ganin abin da ke tafinta. Jijiyar wuyanta na bugawa har cikin kunne. Ta ji tsoron ko a nan tsaye jinin ya riga ya koma inda ya fito.

Ta mayar da hannuwanta baya ta riƙe ɗaya da ɗaya.

"Ba zan ɗanɗana ba, ranka ya daɗe."

Manaja ya ɗauka bai ji daidai ba. Ya ce ta maimaita.

"Ba mura nake yi ba. Hawan jini gare ni, an hana ni gishiri. Idona na hagu ya rufe, na dama ya kusa. Ludayin nan da ka miƙo, zafinsa nake ji, ba na ganinsa sosai. In jinin bai sauka ba, ba za a yi mini aiki ba, idon ya tafi ke nan."

Cokulan suka yi shiru. Tsawa ya tsaya da baki buɗe, sannan ya jawo farantinsa a hankali. Ya ce shi dama wasa yake yi, miyar ba ta da laifi, bakinsa ne ya sha hayaƙin walda. Ba wanda ya yi dariya.

Manaja ya ajiye ludayin. Ya dubi harshen wutar gas, ya dubi kaskon mai da ke tafarfasa a gefe, ya dubi wuƙaƙen da ke kan tebur. Ya tambaye ta tun yaushe. Da ta faɗa masa sai ya share goshi. Ya ce ba zai iya barin wadda ba ta gani a tsakanin wuta da mai ba, ko da uwarsa ce. Ta tafi gida har a yi aikin. Bayan nan a gani. Bai ce wurinta na nan yana jiranta ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Tana kwance ɗamararta a sito 'Yar Sikeli ta shigo da jakarta, ta sa mata a hannu.

"Na sani tun bara, Yaya," ta ce da murya ƙasa-ƙasa. "Ni nake juya miki hannun tukwane ciki, in kwashe bokiti daga hanya."

Da zagi ta yi mata da ya fi sauƙi. Uwar Ludayi ta karɓi jakar. Tana fita ta ji an ajiye kwanon gishiri a bakin taga, 'Yar Sikeli na cewa duk wanda bai ishe shi ba ya ƙara da hannunsa. Abin da ita ta haramta ke nan tsawon shekaru, don a ganinta gishiri a kan tebur zagin mai girki ne. Ta ji ma'aikata na ɗiba suna komawa wurin zamansu, rigima ta mutu. Ashe abin bai fi haka ba.

Zaman gida ya fi aikin wuya. Ranar farko takaici ya hana ta cin abinci, da yamma allon ya yi tsalle. Auta ta firgita ta fara faɗa, uwar ta ce ta rufe mata baki, faɗan nan ma hawan jini ne. Daga nan ta kama kanta da ƙarfi, kamar yadda take kama ma'aikatanta. Ta fita tafiya da sassafe, ta ci abincinta a kan lokaci, ta kwanta da wuri. In tunanin kicin ya zo mata, wa ke tsaye a wurinta, wa ke ba da umarni, sai ta tashi ta share tsakar ɗakin da ta riga ta share. Allon ya sake sauka, amma bai yi nisa da iyakar da likita ya faɗa ba.

Ranar asibiti suka isa da wuri. Layin masu jiran aiki ya cika benci, tsofaffi mafi yawa, kowa da mai rakiyarsa. Da aka kira ta, nas ɗin nan ce dai. Ta naɗa abin awon, ya kumbura ya matse damtsen har yatsu suka yi sanyi, ya sace. Nas ta dubi allon. Auta ta leƙa, numfashinta ya sauya, uwar ta ji.

Nas ta ce ya ɗan haura. Ta ce wani lokaci tsoron asibiti ne ke kawo haka, ta koma benci ta zauna, ban da magana, ban da waya, za ta sake kiranta. In ya sake nuna haka, sai dai likita ya yanke hukunci.

Ta koma ta zauna. Auta ta buɗe baki, uwar ta ɗaga mata yatsa. Ana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, suna shiga ƙofa mai fari suna ɓacewa. Bencin na raguwa. Babu abin da za ta ƙara, babu abin da za ta rage. Duk rayuwarta in abu bai yi ba hannu take sawa ta gyara, yau an ce ta zauna kawai. Ta jingina kai da bango, ta lumshe idanun, ta saki kafaɗunta da ta daɗe ba ta san a ɗaure suke ba. Ta ja numfashi ta sake, ta ja ta sake. Ta yi addu'a gajeriya, ba ta roƙi wurinta a kamfani ba, idon kawai ta roƙa.

Aka sake kiranta. Abin awon ya kumbura, ya sace. Nas ta rubuta, ta ɗauki katin ta shiga wurin likita, ta ja ƙofa. Auta ta kama gefen zanen uwar ta murɗe shi a hannu kamar ƙaramar yarinya. Daga ciki ana jin magana amma ba a jin abin da ake cewa.

Ƙofar ta buɗe. Nas ta fito da koriyar riga a naɗe a hannu.

"Mama, cire ɗan kunne da zobe ki ba 'yarki."

Auta ta fashe da kuka. Uwar ta ce mata ta yi wa mutane shiru, ba gawa aka fito da ita ba, ta buɗe hannu ta karɓi kaya. Sai da nas ta taimaka mata da ɗan kunnen hagu. Tana sa rigar ta tambaya, kamar ba da gangan ba, ko in an gama aikin mutum na iya komawa cin abincinsa irin na mutane.

Nas ta ɗaure mata igiyar rigar ta baya. Ta ce a'a. Ta ce hawan jini ba baƙo ba ne da za a sallama, ɗan gida ne, kuma akwai idon dama yana jiran nasa layin.

Uwar Ludayi ta ce, "To," ta cire takalmanta ta tura wa Auta da ƙafa, ta bi nas ciki.